Daga Panyam Zuwa Ampang a Ƙafa, Mu da Kare

Yawancin ƙungiyoyin gama kai na ekklesiyoyinmu su kan yi taronsu a cikin ɗakin sujada ko a gindin mangwaro. A karanta rahoton kuɗi, a yi maganar taki da iri, a yi addu'a, a watse. Wannan yana da kyau. Amma akwai al'amuran da ba su shiga littafin magatakarda, gama ba a ganinsu sai an fita an taka ƙasa. Mai babur ba ya ganinsu, balle mai mota. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Saboda haka za mu ba 'yan'uwa labarin tafiyar yini ɗaya da muka yi a ƙafa cikin ƙasar Mwaghavul, a Ƙaramar Hukumar Mangu ta Jihar Filato. Mun tashi daga Panyam, muka bi ta Kerang, muka sauka a Ampang ta Yamma. Kare ɗaya ya raka mu. Abin da muka tarar a hanya shi ne, ruwan sama da wutar daji da haukan kare ba su san iyakar ƙauye ba. Ƙungiyar da ta ke lura da gonakin 'ya'yanta kaɗai ba za ta iya da ko ɗaya daga cikinsu ba.

SHIRI KAFIN A TASHI

Mu shida ne: malamin gona, da mai bishara, da mata biyu daga zumuntar mata, da wani dattijon ekklesiya, da wani saurayi, shi ne mai karen. Sunan karen Duna, gama baƙi ne wuluk. Karen ƙauye ne irin wanda kowa ya sani, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa. Mun zaɓi watan Nuwamba domin ruwa ya ɗauke, an yanke acca, ana cikin karyar masara, ƙasa kuwa tana nuna duk abin da damina ta yi mata.

Tilas mu faɗi wata magana mai nauyi tun daga fari. A 2023, da kuma watan Janairu na 2024, an yi tashin hankali mai tsanani a ƙasar Mangu. An kashe mutane da yawa, an ƙone gidaje da rumbuna da wuraren sujada, mutane masu ɗimbin yawa suka bar ƙauyukansu. Wanda zai yi irin wannan tafiya kada ya tashi kai tsaye. Mu dai mun aika wa mai unguwa da paston kowane ƙauyen da za mu ratsa tun mako guda kafin ranar, muka faɗi yawanmu da dalilin zuwanmu. Mun tashi da fitowar rana, muka ƙudura mu sauka kafin la'asar. In da an ce mana hanya ba lafiya, da mun ɗaga ranar.

Shi ma Duna an yi masa nasa shiri. Mai shi ya riƙo takardar shaidar allurar rigakafin haukan kare, da igiya mai tsawo, da goran ruwa da ɗan kwano. Da dare kafin tafiyar ya duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ya cire kaska. Kare da ba a yi wa allura ba, bai kamata a ratsa ƙauyukan mutane da shi ba.

PANYAM DA SHINGEN KYARANA

Panyam tsohon gari ne a tarihin ekklesiya. A 1907 ne masu bishara na farko suka zauna a nan, a 1930 kuwa aikin ya koma hannun mishan ɗin SUM, wadda daga cikinta ekklesiyar COCIN ta fito. Wajen ƙarshen shekarun 1950 wani malamin gona na mishan ɗin, Peter Batchelor, ya fara shirin nan da a ke kira Faith and Farm, watau Bangaskiya da Noma, wanda ya horar da 'yan ekklesiya su zama malaman gona, ya kuma koya wa manoma aiki da garmar shanu. A Panyam kuma akwai gonar kifi da gwamnati ta kafa a farkon shekarun 1950. Maganar noma da ekklesiya dai ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa.

Da muka bar titin da ya nufi Shendam, muka shiga 'yar hanyar ƙafa tsakanin gonaki, muka fuskanci kudu. Hagu da dama shingen kyarana ne, irin wanda kakanni suka dasa domin ya tsare gida da gona. Wannan shinge yana tare iska, yana hana awaki shiga, yana kuma riƙe ƙasa. Amma ruwansa fari yana ƙona ido ƙwarai, saboda haka a gargaɗi yara, kada kuma a sare shi ran da a ke iska. Mun ga inda aka tumɓuke shingen domin a ƙara faɗin gona da taki biyu ko uku. A daidai wurin ruwa ya sami ƙofa, ya yanke hanyar, ya kwashe jar ƙasa ya zuba a gonar maƙwabci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Duna kuwa bai san shingen wane ba ne wannan. Duk inda ya ga kafa sai ya kutsa, ya ɓullo a gonar wani, ya dawo hanya. Muka yi dariya, amma malamin gona ya ce mu riƙe wannan a zuciya, gama za mu sake komawa kansa.

INDA KARE YA ƁACE

Bayan tafiyar kamar sa'a guda muka nemi Duna muka rasa. Muna jin haushinsa kusa, amma ba mu ganinsa. Ashe ya gangara cikin wani kwazazzabo ne da ciyawa ta rufe bakinsa. Da saurayin ya sauka ya ɗauko shi, kansa kaɗai mu ke hange. Mai gonar yana nan kusa yana tara karan masara. Muka ce, "Sannu da aiki, Baba," ya amsa, ya zo ya tsaya tare da mu. Ya gaya mana cewa lokacin da ya ke yaro tsallake wurin ya kan yi da ƙafa ɗaya, yanzu kuwa sai an zagaya. Ya sha zuba kara da duwatsu a ciki, ruwa yana kwashewa.

Malamin gona ya ce mu bi kwazazzabon sama mu ga inda ya faro. Muka bi shi, muka wuce gonaki huɗu, muka fita daga ƙasar ƙauyen, muka shiga ta maƙwabtansu. Can muka tarar da tushen abin. An yi kunyoyin dankalin Turawa a miƙe daga tudu zuwa gangare, kowane kwarin kunya ya zama ɗan rafi, dukansu kuwa suna zuba a wuri ɗaya. Masu yin haka suna da dalilinsu, gama dankali ba ya son ruwa ya kwanta masa. Amma ƙasar Filato tana samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, yawancinsa kuwa da ƙarfi ya ke sauka. Ruwan da aka sake shi a guje daga tudu, ƙasar sama mai taki ita ya ke fara ɗauka. Mai gonar tudu ya yi hasarar takin da ya saya da tsada, mai gonar gangare ya yi hasarar gonar kanta. Mutanen nan biyu kuwa ba ƙungiyarsu ɗaya ba, ba su taɓa zama kan maganar ba.

Ga abin da malamin ya nuna mana a wurin. Gyaran kwazazzabo daga sama a ke fara shi. A yi kunya a gicciye, ta bi gefen tudu, kada ta fuskanci gangare. Inda ƙasa ta ke riƙe ruwa, a ɗan karkata kwarin kunyar kaɗan domin ruwa ya tafi a hankali zuwa wata hanya da aka bar wa ciyawa. A jera duwatsu a gicciye, a dasa jema ko gamba a bayansu. A cikin kwazazzabon kuma a yi ƙananan tare na duwatsu kusa da juna, tsakiyarsu ta fi gefe gajarta domin ruwa ya bi ta kai, maimakon babban tare guda wanda ruwan Agusta zai ture.

Domin a sami layin da ya ke daidai ba a bukatar kayan bature. A sami sanduna biyu masu tsawon mita 2, a ɗaure kawunansu, a buɗe ƙafafun, a ɗaura ta uku a gicciye a tsakiya. A rataya igiya daga sama da dutse a ƙarshenta. A tsai da abin a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya. Sa'an nan a juya shi, kowace ƙafa ta koma gurbin 'yar'uwarta, a sake yin alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce daidai. Duk inda aka tsai da shi igiya ta faɗa kan wannan tsakiya, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya, sai a kafa turke a ci gaba. Yara biyu za su iya auna gona guda da safe ɗaya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Filato. Mutanen Ngas na wajen Pankshin da mutanen Kofyar na duwatsun kudu sun daɗe suna gina gonakinsu hawa hawa da jeren duwatsu kamar matakala. Wani masani Ba'amurke, Robert Netting, ya zauna cikin Kofyar a shekarun 1960, ya rubuta yadda su ke tsare awaki a garke da damina, su yanko musu ciyawa, su kwashe takin su zuba a gonar gida, har su na noma wuri ɗaya shekara da shekaru bai gaji ba. Abin da kakanni suka yi da hannu, ƙungiya mai mutum talatin ba za ta kāsa ba.

DUWATSUN KERANG DA IDON RUWA

Wajen hantsi muka fara hango duwatsun Kerang, masu siffar tulun da aka kife. Waɗannan duwatsu ne da suka yi aman wuta a zamanin dā, tun kafin tarihin kowace kabila, yanzu kuwa sun mutu. Baƙaƙen duwatsu masu ƙananan ramuka da a ke gani warwatse a gonaki daga cikinsu suka fito. Ƙasar da ta samu daga ruɓewarsu tana da albarka ƙwarai, shi ya sa masara da dankali su ke yi sosai a nan. Ruwan sama ya kan nutse cikin duwatsun, ya tace, ya ɓuɓɓugo a gindinsu garau. Daga irin wannan maɓuɓɓuga ce kamfanin SWAN ya ke ɗura ruwan kwalba a Kerang tun shekarun 1980, ana sayar da shi a biranen Nijeriya.

Muka tsaya a wani ƙaramin idon ruwa inda mata su ke ɗiba. Duna ya ja igiya yana so ya sa baki, mai shi ya hana, ya ɗebo a kwano ya kai masa gefe. Matan da mu ke tare da su suka lura da abin da mu maza ba mu gani ba: sawun awaki da na karnuka har bakin ruwan, ga kuma inda a ke wanki a sama da inda a ke ɗiban na sha. Matan ƙauyen suka ce mutanen ƙauyuka biyu ne ke sha a nan, kowane yana jiran ɗayan ya yi shinge.

Idon ruwa yana son a kewaye shi da shinge, a bar ciyawa da itatuwan ƙasa irin su atili a samansa. Kada a dasa bishiyar turare kusa da shi, gama tana shan ruwa da yawa. Masai ya yi nisan mita 30 ko fiye, ya kuma kasance a gangare. A yi wa dabbobi wurin sha dabam a ƙasa da na mutane. Aikin kwana biyu ne in ƙauyukan biyu suka yi gayya.

SHIGA ƘAUYE DA KARE

Duk lokacin da muka kusato gidaje, ko muka hangi garken shanu, sai a ɗaure Duna a riƙe shi kusa. Wannan ladabi ne, kuma hanyar zaman lafiya ce. Karen da ya kori ɗan maraƙi ko ya kama kazar wani ya isa ya ta da husuma, a ƙasar da raunukanta ba su gama warkewa ba. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna ɗaukar yawun kare najasa ne, saboda haka kada a bar shi ya kusanci butarsu, ko tabarmarsu, ko bakin rijiyarsu. Mai kare shi ke da alhakin wannan, ba sai an roƙe shi ba.

A kowane ƙauye karnukan wurin suka fito tarye. A shinshini juna, a yi gurnani, sau ɗaya har wani ya kai cizo, Allah ya sa bai samu ba. A nan muka tuna da maganar malamin gona a wajen shingen kyarana. Mu muna riƙe da namu a igiya, amma da dare karnukan ƙauyukan nan duka suna bin hanyar nan da muka bi, suna haɗuwa, suna faɗa. Muka yi ta tambayar masu gida ko an yi wa karnukansu allura. Kaɗan ne suka iya nuna takarda. Waɗansu suka ce an yi shekarun baya, waɗansu suka ce karensu lafiyayye ne.

'Yan'uwa, haukan kare ba ciwon wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Kusan 99 cikin 100 daga kare su ke samunsa, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar, tana shiga ta wurin cizo, ko yaƙushi, ko lasar rauni. Ta kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. In alamu suka bayyana a jikin mutum, watau tsoron ruwa da ruɗewa da zubar yawu, kusan ba mai tashi. Amma kafin alamun su fito ana iya tsare ran mutum sarai.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da cizo ba. Wani ya kan yi shiru, haɓarsa ta saki, yawu yana zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada kowa ya sa hannu a bakinsa. Shanu da awaki da jakuna ma suna kamuwa in an cije su, su mutu.

In kare ya ciji mutum, ga abin yi. Nan da nan a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a duba agogo. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono, ko toka, ko gashin karen, kada kuma a ɗaure raunin tam. A kai mutumin asibiti ran nan, a faɗa wa ma'aikacin lafiya kare ne ya cije shi. Allurar ba ɗaya ba ce, jeri ne: ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, da sauran yadda likita ya tsara, tilas kuwa a cika su. In an san karen, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci ana lura da shi, amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a fara allura. In ya mutu ko an kashe shi, kada a ci, kada a sayar. A kira likitan dabbobi, shi ya san yadda za a aika da kan zuwa Vom a gwada.

A Vom ɗin nan, cikin jiharmu, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, wadda ta ke wurin tun 1924, tana kuwa yin allurar rigakafin haukan kare. A kan yi wa kwikwiyo tun yana wata uku, sa'an nan a sake kowace shekara. Kuɗin allurar kare ɗan kaɗan ne in aka gwada da kuɗin jerin alluran mutum ɗaya da aka ciza. Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na yanki allura, aka dinga yi kowace shekara, cutar ta kan rasa inda za ta bi, ta mutu. A lura, yanki aka ce. In ƙauye ɗaya ya yi wa nasa duka, maƙwabtansa uku ba su yi ba, lissafin bai cika ba.

Akwai kuma maganar ciniki. Kasuwar karnuka ta Dawaki, a Ƙaramar Hukumar Kanke, tana karɓar karnuka daga jihohi masu nisa, ba wanda ya san tarihinsu. Likitocin dabbobi a Nijeriya sun sha samun ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka domin nama, waɗanda ba a ga alamar ciwo a jikinsu ba. Mai fiɗa da ke da rauni a hannu yana cikin hatsari. Wanda ya sayo kare domin tsaron gida, ya ɗaure shi, ya kai shi allura kafin ya sake shi cikin yara.

Wani abu kuma da matan suka tuna mana: mushen kaza ko na alade da aka jefar a bayan gida, kare ne ke jan sa zuwa wani gida, cutar ta bi shi. A binne mushe da zurfi, a danne da duwatsu. Kada kuma a jefa wa kare ɗanyen kayan ciki ko kan tunkiya mai ƙullutun ruwa, gama ta haka tsutsar ciki ta ke zagayawa tsakanin kare da dabbobi.

BAƘIN TUDU

Bayan azahar, tsakanin Kerang da Ampang, muka ratsa gefen wani tudu da wuta ta cinye ƙurmus. Toka tana tashi a ƙafafunmu, Duna ya yi ta atishawa. Yaran da muka tarar suka ce samari ne suka sa wutar domin farautar gafiya da zomo da karnukansu. Wutar ta tsallaka rafi, ta ci tarin karan wani mutumin ƙauyen gaba, ta ƙone 'yan itatuwan da aka dasa.

Dattijon da ke cikinmu ya yi lissafin abin a fili. Gafiya biyar ko shida aka samu. A madadinsu an rasa ciyawar jinka, da abincin dabbobi na rani, da ganyen da zai ruɓe ya zama taki. Shanun da suka rasa ciyawa a tudu kuwa fadama za su nufa, inda a ke noman rani, daga nan sai rigima. Ruwan farko na Afrilu zai sauka a kan ƙasa tsirara, ya fara wani sabon kwazazzabo. Kare yana iya farauta ba tare da wuta ba, gama hancinsa ya ishe shi. Ƙauyukan da ke kewaye da tudu ɗaya su share hanyar tare wuta tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, su kuma yi doka ɗaya tare da masu unguwanninsu.

TAFKIN PIDONG

Kafin la'asar muka hau dutsen da ke kusa da Ampang ta Yamma, muka leƙa tafkin Pidong, wanda ya ke kwance a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Daga can bisa ana ganin gonaki da ƙauyuka shimfiɗe, da rufin ɗakunan sujada yana ƙyalli, da layukan kyarana, da jajayen tsagogin da ruwa ya yi, da baƙin tabon wuta. Iyakar ƙauye da ƙauye kuwa ba ta ganuwa daga nan. Mai bishara ya yi addu'a, muka gangara gidan da aka shirya mana masauki, aka kawo mana tuwon acca.

ABIN DA MU KE ROƘON ƘUNGIYOYI

Na ɗaya, kowace ƙungiya ta sa rana ɗaya a shekara, bayan ɗaukewar ruwa, ta fita a ƙafa tare da ƙungiyar ƙauyen da ke samanta da ta wanda ke ƙasanta. A bi hanyar ruwa daga tudu zuwa rafi. A tafi da mata da matasa. Magatakarda ya riƙe littafi, ya rubuta kowane kwazazzabo, da idon ruwa, da wurin da wuta ta ci. A sanar da masu unguwa tukuna, a yi tafiyar da rana.

Na biyu, a ƙidaya karnukan kowane gida, har da kwikwiyoyi. Ƙauyuka uku ko huɗu su haɗu su je ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma, su roƙi rana ɗaya ta allura. Allurar tana son sanyi, saboda haka ma'aikaci ne zai kawo ta, kada a saya a kasuwa. A yi sanarwa a sujada Lahadi biyu a jere, a kuma aika wa liman da arɗo, gama cutar ba ta tambayar addinin wanda za ta kama. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ranar da Louis Pasteur ya rasu a 1895, shi ne ya fara yi wa mutum wannan allura a 1885. Ana iya ɗaukar makon nan ya zama na allura kowace shekara. Hukumomin duniya sun sa 2030 ta zama shekarar da za a daina mutuwa da haukan kare, mu ma muna da namu rabon aikin.

Na uku, a ware ɗan kuɗi a asusun ƙungiya domin wanda kare ya ciza, kuɗin mota da na allura, a ba da shi ran nan ba sai an jira taro ba. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara su faɗa wa manya duk cizo ko yaƙushi, kome ƙanƙantarsa, iyaye kuma kada su duke su a kan haka, gama yaron da ke tsoron duka shi ke ɓoye rauni.

Na huɗu, a zaɓi kwazazzabo ɗaya kaɗai a bana, a yi masa gayya daga sama kafin ruwan Afrilu. Baɗi a koma a duba.

A taron da za a tattauna waɗannan, muna ba da shawara a karanta Farawa 2:15 da Karin Magana 12:10. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, amma Kirista ya kamata ya fara kai wa ɗan'uwan ruwa tukuna. Ƙungiyar da ta yi tata tafiyar ta rubuto mana hanyar da ta bi da abin da ta gani, za mu buga domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Ubangiji ya ba mu kaka mai albarka da zaman lafiya.